CCEL: rumbun tsofaffin littattafan Kirista, da abin da ƙungiyar karatu za ta tarar a cikinsa

Ƙungiyar karatu a ikilisiya, ta matasa ce ko ta zumuntar mata ko ta ɗaliban makarantar tauhidi, wuri ɗaya takan cije. An zauna an amince da littafin da za a karanta, mutum goma sha biyu sun ba da suna, sai a tarar kwafi ɗaya ne a garin, shi ma a ofishin fasto yake. Kafin a haɗa kuɗi a aika Jos a sayo, zafin abin ya huce. Wannan giɓin ne shafin Christian Classics Ethereal Library, wanda aka fi sani da CCEL, yake cikewa, kuma adireshinsa ccel.org ne. Wani malamin kimiyyar kwamfuta mai suna Harry Plantinga ne ya fara shi a 1993, yanzu kuma shafin yana ƙarƙashin Jami'ar Calvin da ke Grand Rapids a jihar Michigan ta Amurka. Aikinsa tattara littattafan Kirista na da, waɗanda akasarinsu haƙƙin mallakarsu ya ƙare, a ajiye su inda kowa zai karanta ba tare da biyan ko sisi ba.

Hukuncinmu a kansa tun daga farko shi ne: duk mai jagorar ƙungiyar karatu ya kamata ya san shafin nan ciki da bai. Amma hatsi ne a rumbu, ba tuwo a akushi ba. Wanda ya kwaso ya zuba wa mutane haka nan, ba surfe ba niƙa, a mako na uku zai ga kujeru sun fara zama wayam, ya ɗauka mutane ne ba sa son karatu, alhali shiri ne bai yi ba.

Abin da ke ciki yana da yawan gaske. Mafi nauyinsa shi ne rubuce-rubucen iyayen ikilisiya na ƙarnonin farko cikin juzu'i 38: goma na waɗanda suka rayu kafin taron Nikiya, babban taron bishop-bishop na shekara ta 325, sai jeri biyu masu juzu'i 14 kowanne na zamanin taron da bayansa, waɗanda Philip Schaff ya jagoranci fitar da su a ƙarshen ƙarni na 19. Akwai kuma littattafan Calvin da na Luther da na Wesley, da sharhin Matthew Henry a kan Littafi Mai Tsarki, da wa'azozin Spurgeon. Wani abu da ya kamata mai jagora ya nuna wa ƙungiyarsa tun zaman farko shi ne yawan 'yan Afirka a cikin juzu'an nan. Tatuliyan da Sifiriyan mutanen Kartaj ne, a ƙasar Tunisiya ta yau. Atanasiyus bishop ne na Iskandariya a Masar. Agustin an haife shi a 354 a Tagaste, garin da ake kira Souk Ahras a Aljeriya yanzu, ya yi bishop a Hippo, wato Annaba, har ya rasu a 430. Matashin da ya sha jin ana ce masa bangaskiyarsa kayan Turawa ce, idan ya ga wannan da idonsa, zamansa a kujera ma yakan canja.

Wajen neman littafi, akwatin bincike na shafin ba shi ne hanya mafi sauƙi ba. Idan ka rubuta sunan Agustin zai kwaso maka duk inda wani mai sharhi ya ambace shi, ka rasa inda littafin kansa yake. Gara ka bi ta jerin sunayen marubuta, ka nemi sunan da rubutunsa na Turanci, wato Augustine, Athanasius, Bunyan, Kempis. Juzu'an iyayen ikilisiya kuwa a ƙarƙashin sunan Schaff aka jera su, da gajerun lambobi: npnf101 shi ne juzu'in farko na Agustin, npnf204 na Atanasiyus, anf03 na Tatuliyan. Wanda bai san wannan ba yakan yi ta zagaye.

Babban abin da ke gyara ƙungiya ko ya ɓata ta shi ne zaɓen fassara, kuma a nan shafin ba ya riƙe hannun kowa. Ɗauki littafin Agustin mai suna Confessions, wato furcin zunubi da yabon Allah da ya rubuta wajen shekara ta 397 zuwa 400. Fassararsa ta Turanci fiye da ɗaya ce a CCEL. Akwai ta Pusey ta 1838, mai dogayen jimloli da Turancin da ko malamin makaranta sai ya maimaita layi sau biyu. Akwai ta Pilkington a cikin juzu'in Schaff, wadda bayanan ƙasan shafi suka yi mata yawa. Akwai kuma ta Albert Outler ta 1955, wadda ta fi su sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake ita ma da tsofaffin kalmomin Turanci thou da thee take kiran Allah. Idan mai jagora ya ce wa mutane kawai "ku je ku sauke", rabi za su zo da Pusey, rabi da Outler, a ɓata rabin sa'a ana neman layin da ake magana a kai. Maganin abin shi ne mutum ɗaya ya buɗe shafin bayanin littafin, ya duba sunan mai fassara, ya sauke fayil ɗaya, ya raba wa kowa ta WhatsApp ko Xender. Sauran ba sa bukatar taɓa intanet ma, kuma ba wanda zai ce rashin data ya hana shi karatu.

Akasarin littattafan ana iya sauke su a matsayin PDF ko zallar rubutu. PDF ya fi kyau a kwamfuta da wajen bugawa, amma a ƙaramar waya azaba ne, domin layukan ba sa bin faɗin allo, sai mutum ya yi ta ja dama da hagu. Zallar rubutu ba ta da nauyi kuma kowace waya tana buɗe ta, sai dai layukanta a yanke suke, kuma lambobin bayanan ƙasan shafi suna cakuɗe da rubutun. Ga ƙungiyar da ke da dattawa, takarda ta fi. A kwafe rabon wata ɗaya a zuba a Microsoft Word, a share lambobin da ba a bukata, a ƙara girman haruffa zuwa 13 ko 14, a zaɓi tsarin ninkin littafi, a buga gaba da baya. Kowace takardar A4 za ta ɗauki shafi huɗu, saboda haka ɗan littafi mai shafi 40 takarda 10 zai ci, mutum 12 kuma takarda 120, bai kai rubu'in bandir ɗaya mai 500 ba. A tabbata yawan shafukan ya rabu da huɗu, in ba haka ba fararen shafuka za su fito a ƙarshe. Kada a buga littafin gaba ɗaya a makon farko, domin waɗanda suka ba da suna ba su ne za su kai ƙarshe duka ba. Shafin ya yarda a yi amfani da littattafansa don karatun kai da koyarwa da aikin da ba na neman riba ba. Bugawa don sayarwa kuwa sai an nemi izininsu.

Wane littafi za a fara da shi? Ga ƙungiyar da ba ta taɓa irin wannan karatu ba, ba mu ga wanda ya kai The Pilgrim's Progress na John Bunyan ba, labarin tafiyar wani mai suna Kirista daga birnin hallaka zuwa birnin sama, wanda ya fito a 1678, kashi na biyu kuma a 1684. Bunyan mai gyaran tukwane ne da ya yi shekara 12 a kurkukun Bedford a Ingila saboda wa'azi ba da izinin hukuma ba. Shi bai raba littafin babi-babi ba, amma bugun da ke CCEL ya raba kashi na farko zango goma, wanda ya yi daidai da mako goma. Amfaninsa ga ƙungiya shi ne labari ne, wanda bai iya Turanci ba ma idan aka ba shi da Hausa zai riƙe. A lura da wurin da Kirista da abokinsa suka bar hanya don sun ga ta gefe ta fi laushi, wani ƙato mai suna Fid da Zuciya ya kama su ya kulle a gidansa. Daga safiyar Laraba har daren Asabar ba ci ba sha ba haske, yana dukansu yana ba su shawara su kashe kansu. Da tsakar daren Asabar suka fara addu'a, sai gab da wayewar gari Kirista ya tuna cewa akwai mabuɗi a ƙirjinsa tun farko, sunansa Alkawari, kuma yana buɗe kowace ƙofa a gidan. Mai jagora ba ya bukatar wata doguwar tambaya a nan. Ya isa ya ce, me ya hana shi tunawa tun ran Laraba? Zaman ranar ba zai ishe su ba. Abu ɗaya da za a shirya masa tun da wuri: Bunyan ya zana Paparoma a matsayin tsohon ƙato a bakin kogo, halin gabar zamaninsa ke nan. Idan akwai 'yan'uwa Katolika a ƙungiyar, a faɗi tarihin abin kafin a iso wurin.

Na biyu a sauƙi shi ne The Imitation of Christ, wato koyi da Almasihu, wanda ake danganta wa Thomas à Kempis, daga farkon ƙarni na 15. Kashi huɗu ne, masu babi 25 da 12 da 59 da 18. Babobin gajeru ne, mafi yawansu shafi ɗaya ko biyu, saboda haka babi biyu a mako zai gama kashi na farko cikin wata uku. Fassarar Croft da Bolton ta 1940 da ke shafin Turancinta a miƙe yake. Amma a sani cewa don masu zaman zuhudu aka rubuta shi, waɗanda ba su da aure ba su da gona ba su da kasuwa. Babi na 8 yana gargaɗi a kan sabawa da mata, na 9 yana magana a kan biyayya ga shugaban gidan zuhudu. Idan ba a bayyana wannan ba, matan ƙungiya za su ji an ware su, wani kuma ya ɗauki babi na 9 ya mai da shi hujjar cewa ba a yi wa shugaban ikilisiya tambaya. Kashi na huɗu kacokan a kan Jibin Ubangiji yake bisa koyarwar Katolika, don haka ƙungiyar ECWA ko COCIN ko Baftis ta yanke shawara tun farko ko za ta tsaya a na uku, ko za ta karanta shi tare da fasto.

Littafin Agustin shi ne ya fi su daɗi kuma shi ne ya fi kayar da ƙungiyoyi. Kashi 13 ne, amma tara na farko ne labarin rayuwarsa. Na 10 a kan tunani da tuna abu yake, na 11 a kan mene ne lokaci, sauran kuma sharhi ne a kan farkon littafin Farawa. Ƙungiyar farko ta tsaya a na 9, mako goma ya isa. Inda ake cijewa shi ne kashi na 3 da na 5 da na 7, wurin da yake jayayya da ɗariƙar Mani da masu falsafar Aflatun. Mai jagora ya taƙaita waɗannan da bakinsa cikin minti biyar: mutanen Mani sun ce iko biyu ne ke faɗa, na haske da na duhu, saboda haka zunubi ba laifin mutum ba ne, Agustin kuma ya yi shekara tara a cikinsu. Da an gane wannan, sai a ba da lokaci ga wuraren da ke da nama. A kashi na 2 yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani da dare, ba don yunwa ba, suka zubar wa aladu, ya kuma yi shafuka yana tambayar kansa abin da ya so a cikin satar. A kashi na 6 an raba shi da matar da suka daɗe tare, uwar ɗansa, don a nema masa auren da ya dace da matsayinsa, kuma zumuntar mata ba za ta wuce wurin nan shiru ba, bai ma kamata ta wuce ba. A kashi na 8, a wani lambu a Milan a 386, yana kuka a ƙarƙashin itacen ɓaure ya ji muryar yaro tana cewa ya ɗauka ya karanta, ya buɗe ya faɗa a kan Romawa 13:13-14. A kashi na 9 mahaifiyarsa Monika ta rasu a Ostiya tana da shekara 56. Wajen nuna wuri kada a yi amfani da lambar shafi, domin tana canjawa daga waya zuwa takarda. A bi lambobin da ke cikin rubutun: 8.12.29 na nufin kashi na 8, babi na 12, sakin layi na 29, wato wurin lambun nan.

Ɗaliban tauhidi kuwa su gwada ɗan littafin Atanasiyus a kan zaman Kalma mutum, wato yadda Almasihu ya zama ɗan Adam. Sashe 57 ne gajeru, shida ko bakwai a mako. A sashe na 14 ya kawo misalin hoton da aka zana a allo, datti ya shafe shi, ba a jefar da allon ba, sai mai hoton ya dawo ya zauna aka sāke zana shi.

Yanzu ga tarkon da ya fi kama mutane, wato kalmomin da suka saba gani amma ma'anarsu ta da daban ce. A tsohon Turanci charity ƙauna ce, ba sadaka ba. Conversation halin zaman mutum ne, ba hira ba. Prevent yana nufin riga wani zuwa, ba hana shi ba. Suffer sau da yawa bari ne ko ƙyalewa, want rashi ne, meat abinci ne kowane iri, quick kuma mai rai. A wurin Bunyan professor shi ne mai furta bangaskiya da baki, ba farfesan jami'a ba. A wurin Kempis religious ɗan zuhudu ne. Mai fassara wa ƙungiya da Hausa, idan ya ce Agustin yana koyar da cewa sadaka ce ta fi kome, ya juya koyarwar gaba ɗaya ba da saninsa ba, kuma ba wanda zai kama shi domin jimlar ta yi ma'ana. Shi ya sa muke ganin wajibi ne ƙungiya ta ajiye littafin rubutu guda ɗaya, duk kalmar da ta ba da wuya a rubuta ta da Hausar da aka amince da ita, a riƙa bin ta har ƙarshen littafin.

Ayoyi ma suna da nasu tarkon. A kan intanet shafin yana haɗa ayar da aka ambata da nassinta, ka taɓa ta buɗe, wannan kuwa abin yabo ne ƙwarai. Amma a takarda za ka ga irin su Ps. cxix. 105, wato Zabura 119:105, domin tsofaffin bugu da lambobin Romawa suke rubuta sura. A koya wa kowa guda biyar a zaman farko: i ɗaya, v biyar, x goma, l hamsin, c ɗari. Bayan haka, littattafan da suka bi lissafin Latin suna rage ɗaya a yawancin Zabura, ta yadda "Ubangiji makiyayina ne" take zama ta 22 maimakon 23, Zaburar tuban Dawuda kuma ta 50 maimakon 51. Idan aka buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa aya ba ta dace ba, a duba sura ta gaba. Haka kuma Ecclesiasticus ba shi ne Ecclesiastes ba. Na biyun ne littafin Mai Wa'azi. Na farkon, wato Sirak, yana cikin littattafan da Katolika suke karɓa, ba za a same shi a bugun da Furotesta ke riƙewa ba, Agustin da Kempis kuwa suna yawan jawo shi.

Juzu'an Schaff suna da halin zamaninsu. Editan bugun Amurka na juzu'i goman nan na kafin taron Nikiya, Cleveland Coxe, ya cusa bayanai masu sukar Katolika a ƙasan shafuka, kuma sabon mai karatu yakan ɗauka maganar marubucin ce. Masu fassarar sun kuma bar wasu wurare da Latin don kunya, kamar kashi na uku na Stromata na Kilemen ɗan Iskandariya, wanda ke magana a kan aure. Littattafan da ba a cika karantawa ba kuma akan ci karo da kurakuran haruffa a cikinsu. Tallace-tallacen da ke fitowa a gefen shafi suna cin data, wani dalili ke nan na saukewa sau ɗaya.

CCEL ba zai tsara maka zaman ba. Tsarin da ke aiki ga mutum takwas zuwa goma sha biyu shi ne minti 90: biyar na addu'a, goma wani ya ba da taƙaitaccen rabon makon da Hausa, 25 a karanta sakin layi biyu ko uku da ƙarfi ana fassarawa jimla-jimla, 40 na tattaunawa, goma na rabon aikin mako mai zuwa da addu'ar rufewa. Mai taƙaitawa ya riƙa canjawa kowane mako, domin wanda ya san shi ne zai tsaya gaban mutane ba ya zuwa bai karanta ba. A lokacin tattaunawa a fara da ƙanana. Idan Baba Fasto ko wani dattijon ikilisiya ya riga ya faɗi ra'ayinsa, ba matashin da zai ce shi ya ga abin daban, sai kowa ya ce "haka ne, Baba", zaman ya koma wa'azi. Mai jagora ya roƙi dattawa a gefe, cikin ladabi, su yi haƙuri su zama na ƙarshe.

Abin da babu a rumbun shi ma a san shi. Ba ɗakin karatun Hausa ba ne, aikin fassara yana wuyan ƙungiya. Sanannun littattafan ƙarni na 20 irin na C. S. Lewis da Bonhoeffer ba nan ake nemansu ba, saboda haƙƙin mallaka. Haka ma masanan tauhidin Afirka na zamaninmu, irin su Byang Kato ɗan Kwoi da ya rasu a 1975, da Kwame Bediako na Gana, da Lamin Sanneh ɗan Gambiya. Waɗannan sai a kantin littattafai, kamar Challenge ko ACTS da ke Bukuru, ko ɗakin karatun makarantar tauhidi mafi kusa. Ƙungiyar da ta gama Agustin ko Atanasiyus daga CCEL, za ta ji daɗin ta sa ɗaya daga cikin waɗannan a zagaye na gaba, ta fara tara kuɗin kwafi uku ko huɗu tun ana tsakiyar littafin da ke hannu.